Gamanar Inna Yelwa

Kakata ta wajen uba sunanta Yelwa, amma duk unguwarmu ta Yantala, Hausawa da Zabarmawa, Inna Yelwa ake ce mata. Shekararta talatin da ɗaya a Yamai, har yau tana zaune kamar wadda ta zo kwana biyu. In baƙo ya tambaye ta ina ne gida, ba ta nuna ɗakin da babana ya gina mata. Sai ta ɗaga haɓa wajen gabas ta ce, "Can bisa."

Can bisa ɗin shi ne Kalgon Sama, ƙaramin gari a kan dutsi cikin ƙasar Adar, gaba da Tawa. Akwai Kalgon Ƙasa a gindin dutsin, inda hanyar mota ta ƙare. Daga nan sai jaki ko ƙafa. Ni Nafisa a Yamai aka haife ni, kuma sai da na shekara ashirin da biyu kafin in taka garin, amma tun ina ƙarama na san shi daga bakinta. Da la'asar in na dawo lakwal, wato makarantar boko, nakan same ta kan tabarma tana tsinkar zogala, in zauna in taya ta, ita kuma ta tafi can bisa ta bar jikinta a wurina. Ta ce da damana akan tashi da safe a tarar gajimare ya kwana ƙasa da gari, ya rufe kwarin duka kamar an shanya auduga. Ta ce in kin tsaya bakin dutsi kina kallon matan Kalgon Ƙasa suna daka, taɓarya kan sauka ta sake tashi kafin ƙararta ta iso kunnenki. Duk waɗannan na rubuta su cikin tsofaffin littattafaina na lakwal, don kada su ɓace.

An haife ta shekarar da hatsi ya yi yawa har rumbuna suka kasa ɗauka, aka tara dammuna a kan duwatsu. Shi ya sa aka ce Yelwa. Uwarta Hadiyya ba ƴar garin ba ce, aure ya kai ta, kuma ba ta gaji ko tafin hannu na ƙasa ba. A can, gandu na maigida ne, kowa a gidan yana yi masa aiki. Amma mace kan sami ɗan yanki nata na kanta, ta noma shi ranakun da ba a fita gandu, abin da ya fito kuwa nata ne. Shi ake kira gamana. Da Hadiyya ta nemi tata, ba wani wurin kirki da ya rage, sai maigarin lokacin ya nuna mata wani gangare bayan gari, duwatsu zalla, ko awaki ba su daɗewa a kai. Ya ce daga bakin hanya har zuwa wani babban dutsi mai kama da raƙumi a durƙushe, in ta iya, nata ne. Mutane suka yi ta dariya.

Hadiyya ta fara tsince duwatsun tana jera su a gicciye, layi guda, tsayinsa bai kai gwiwa ba. Da ruwan sama ya sauko, maimakon ya wuce da gudu, sai ya tsaya bayan layin ya ajiye ƙasar da ya kwaso. Cikin shekara uku ƙasa ta taru har ana iya binne iri. Ta yi layi na biyu, ta yi na uku. Inna Yelwa tana da shekara bakwai ta soma ɗauko mata duwatsu cikin fasasshiyar ƙwarya. Ta ce kowane dutsi da gefen da yake son kwanciya a kai, in kin kwantar da shi ba daidai ba, ruwan farko zai tashe shi. Bayan rasuwar Hadiyya, Inna ta ƙara layi biyu da hannunta, suka zama biyar. Sauran gangaren, daga layi na biyar har zuwa raƙumin, ya zauna yadda Allah ya yi shi.

Ta auri kakana Mahamadu, mutumin garin, wanda duk rani yake sauka ya tafi Abijan, ya dawo gab da shuka da turmin zane da tari. A shekarun yunwa, da rabin garin ya watse, hatsin gamanar nan ne ya riƙe ta da ɗanta guda da ya rayu, babana Yusuf. Ba shi da yawa, amma ƙasar bayan layin dutsi takan riƙe laima ko da sama ta yi rowa. Babana ya yi karatu a Tawa, ya sami aikin biro, wato ofis, a Yamai. Da kakana ya rasu ya je ɗauko ta. Ta ƙi sau biyu. A na uku ta yarda, don uwata na da cikin fari, na yayana, kuma ba babba a gidan.

Kafin ta sauko, ta kira Hamisu, ɗan maƙwabciyarta, wanda ya yi sabon aure kuma gandun gidansu ya yi musu kaɗan. A gaban maigari ta ba shi aron gamanar. Daga shekarar, duk kaka, sai dami ɗaya na hatsi ya taso daga Kalgon Sama zuwa Yantala. Yakan sauko bisa jaki, ya hau motar kasuwa zuwa Tawa, ya kwana a tasha, ya hau saman kar, babbar motar fasinja, ya iso mana naɗe cikin buhu, rabin zangarniyar ta karye. Babana yakan yi dariya ya ce, "Inna, hatsi fa yana nan tuli a kasuwa." Ita ko kallonsa ba ta yi. Takan kwance buhun da kanta, ta sa fuska cikin damin ta daɗe, sannan ta sussuka, ta yi fura ta raba wa maƙwabta. Ni da nake rubuta komai, a littafina na rubuta shi da sunan tsaraba. Ban taɓa tambaya ba, ita ma ba ta ga abin bayani ba.

Shekara uku da suka wuce, bayan kaka, Inna ta tafi suna unguwar Tondibiya ta bar salularta a gida. Ta yi ƙara, na ɗauka. Hamisu ne, yana magana da ƙarfi, iska na kaɗawa bayansa. Bayan gaisuwa ya ce ƙorama ta cinye hanya, motar kasuwa ta yi wata guda ba ta zo ba, jakinsa kuma yana ɗingishi, amma a gaya wa Inna ta yi haƙuri, zai ɗauko damin a ka har garin gaba. Na ji tausayinsa. Mutum mai shekara hamsin zai yi tafiyar yini da kaya a ka, saboda hatsin da furarsa ba ta wuce kwana uku.

Na ce, "Kawu Hamisu, kada ka wahalar da kanka. Inna ta ce an bar maka."

Ya ce, "Ita ta ce?"

"Ita ta ce."

"An bar mini?"

"An bar maka, har ga Allah."

Sai na ji muryoyin maza bayansa, wannan na cewa madalla, wancan na sa albarka. Na yi mamakin wannan godiya duka a kan dami guda, kafin in ƙara wata kalma waya ta yanke. Da Inna ta dawo na ce mata hanya ta lalace, bana dami ba zai zo ba. Ƙaryar da na yi da sunanta kuwa na riƙe a cikina, don ina ganin ƙaramar ƙarya ce ta alheri.

Shekara ta zagayo, dami bai zo ba. Sai ga kwalbar zuma daga Hamisu, da gaisuwa mai tsawo. Inna ta juya kwalbar ta ajiye saman kantar kwanuka, ba ta buɗe ba. Ta ce, "Ban aika a kawo mini zuma ba." Na ce ta buga masa waya mana. Ta ce, "Ni ba ni tambaya. Ya san hanya." Duk ƙarshen damana takan jawo kujera bakin ƙofa, in taksi ya tsaya da buhu a baya sai ta miƙe wuya. A shekara ta uku ta bar jawo kujerar, kuma ta rage ba ni labarin can bisa. In na ce, "Inna, gajimaren nan fa?" sai ta ce na riga na rubuta.

Gaskiya ta fito ranar da Hawwa, ƙawarta ta ƙuruciya, ta zo Yamai ganin likitan ido ta sauka gidanmu. Suna zaune suna shan fura, ni ina tankaɗe a gefe, Hawwa ta ce, "Ke dai Yelwa Allah shi saka miki. Kyautar da kika yi wa Hamisu, har yau ana zancenta. Ki ga yadda ya mai da wurin, har itace ya dasa. Wata mai kamawa masu takardar gonaki za su hau, a rubuta sunanshi."

Ludayin Inna ya tsaya tsakanin ƙwarya da baki.

"Wace kyauta?"

"Gamanar mana. Ba ke kika aiko ta waya an bar mishi ba? Gaban mutum shida, har da liman."

Rariya ta suɓuce daga hannuna. Inna ta juyo ta dube ni. Ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Ƴar lakwal, matso. Mi kika ce mishi? Faɗa mini kalma bayan kalma, yadda kike karatu."

Na faɗa. Na ce wallahi damin nake nufi, na waccan shekarar kaɗai, saboda hanya.

Ta ce, "Kina tsammani yunwa nike ji da nike jiran dami? Damin nan shi ne bakin gonar. Duk shekara yana zuwa ya ce mini, har yanzu taki ce, aro aka yi. Ran da mai gona ya ce a bar dami, to gonar ya bari. Ko yaron goye ya san wannan can bisa." Ta sake cewa, "Ni ce ban gaya miki ba. Ɗaure kayanki."

Babana ya so hana ta saboda gwiwoyinta. Ya ce, "Inna, bari in buga waya in gyara maganar." Ta ce, "Waya ce ta ɓata ta. Da ƙafa za a gyara."

Muka shiga kar bayan sallar asuba. Ban taɓa wuce Doso ba, don haka na manne da taga. Inna kuwa ta rufe ido, amma duk garin da muka shiga sai ta faɗi sunansa ba tare da ta buɗe ba, kamar ƙasan motar ne ke gaya mata. A Dogon Dutsi na taɓa ta na nuna mata tsaunin da ke bayan gari. Ta leƙa da ido ɗaya ta ce, "Wannan ai matashin kai ne." Bayan Ƙonni hanya ta karkata arewa, ƙasa ta soma ja, itatuwa suka gajarce suka yi nisa da juna. Muka kwana Tawa gidan dangi. Washegari muka hau motar kasuwa, mu da buhunan gishiri da awaki biyu da wani tsoho mai riƙe da sabuwar ƙofar kwano a tsaye kamar zai shiga wani ɗaki da ita. Motar ta yi ta hawa tana sauka cikin ƙoramu busassu. Tsaunuka masu shimfiɗaɗɗen kai suka riƙa tasowa daga nesa, shuɗaye, in mun matso su koma ja, in mun wuce su sake yin shuɗi. Na rasa ko mu ke tafiya ko su.

A Kalgon Ƙasa aka kawo mata jaki. Ta ce ita da ta hau dutsin nan da tulu a ka da goyo a baya ba za ta hau jaki ba. Ta yi taku kamar arba'in, ta tsaya, ta dubi sama, ta ce, "Kawo shi, kada ya ji an raina shi." Hanyar siririya ce, tana lanƙwasa tsakanin duwatsu masu santsi saboda ƙafafun shekaru. Ina gaba riƙe da igiya, numfashina na fita da ƙyar. Duk lanƙwasa in na waiwaya sai in ga garin ƙasa ya ƙara ƙanƙancewa, har rumbunansa suka zama kamar tukwane da aka kife. Daga can ƙasa wata mata na daka. Na tsaya na ga taɓarya ta sauka ta tashi, sannan ƙarar ta iso.

Dab da shiga gari muka wuce wani faffaɗan dutsi, maza huɗu tsaye a kai, kowa ya ɗaga salula sama kamar mai roƙon ruwa. Hawwa ta riga ta gaya mini, nan kaɗai ake samun rezo, wato layin waya, a duk garin, kuma wayar Hamisu ba ta magana a kunne, sai an sake ta kowa ya ji. Na sunkuyar da kai na wuce.

Hamisu ya tarye mu da gudu, dogo, furfura ta fara cin gemunsa. Ya durƙusa gaban jakin yana cewa, "Inna! Inna da kanki!" Ya sa aka yanka zabo. Mata suka cika gidan, suna taɓa fuskarta, suna lissafa mata waɗanda suka rasu. Ta ci abinci, ta sa albarka, ta wanke hannu. Sannan ta ce, "Hamisu, ban zo cin zabo ba. Gobe da hantsi mu gamu ƙofar maigari."

Da hantsi aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin wata tsohuwar aduwa. Maigari, jikan wanda ya nuna wa Hadiyya gangaren, ya zauna da liman da dattawa. Mata suka tsaya daga baya. Inna ta ce ita ba ta yi kyauta ba, ga wadda ta yi, ta tashi ta faɗa da bakinta. Na miƙe na faɗi komai, har da cewa Inna ba ta gida ranar. Wata tsohuwa daga baya ta ce, "Ashe wagga ce mai rabon gonaki! Ɗiyata, ni ma ina so, in da saura." Aka yi dariya, har liman. Hamisu kaɗai bai yi ba.

Ya ce, "Ranka shi daɗe, sau biyu na tambaya. Na ce ita ta ce? Aka ce ita ta ce. Shekara ashirin da takwas ina riƙe da aron nan ban dasa ko tsinke ba, don na san mai aro ba ya dashe. Sai da aka ce an bar mini. Rani uku ina hawo da ruwa bisa jaki daga rijiyar ƙasa, ina ba itacen nan kamar jarirai. Yanzu in ce musu mi?" Ya dubi ƙasa. "Ni ban ci amanar Inna ba."

Inna ta ce, "Ban ce ka ci ba."

Maigari ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce magana ta fito daga gidan Yelwa, amma ba ta fito daga bakin Yelwa ba. Shaidu sun ji gaskiya, yarinya ma ta faɗi gaskiya. Ya ce in an bi asali gona tana nan ga mai ita, amma gumin mutum na shekara uku ba abin zubarwa ba ne, kuma shi ba zai yanke ba sai ya ji abin da Yelwa ta Hadiyya ta ce.

Ta ce, "Sai na gani da idona."

Muka tafi mu uku, ita da ni da Hamisu, jama'a na biye daga nesa. Gamanar tana bayan gari, tana fuskantar kwarin. An riga an yi girbi, karan hatsi na tsaye, iska na bi ta cikinsu da wata ƙara kamar ana raɗa. Inna ta saki hannuna. Ta bi layi na farko a hankali tana dafa duwatsun ɗaya bayan ɗaya, leɓunanta na motsi. A wani wuri ta tsaya ta ce, "Wanga ni na kawo shi, ya faɗo mini a yatsa." Ta nuna mini farcen, wanda tun ina yarinya nake ganinsa a karkace ban san dalili ba. A layi na uku ta zauna kan duwatsun uwarta, ta ɗebi ƙasa ta murza, ta shinshina. Ta daɗe har na ɗauka ta manta da mu. Rana na kan fuskarta, idanunta a buɗe, amma ba mu take kallo ba. Inuwar wani gajimare ta taso daga kwarin, ta hau gangaren, ta bi ta kanmu ta wuce.

Sannan ta tashi ta gangara zuwa layi na biyar, inda aikinta ya tsaya. A ƙasa da shi, inda ta bari duwatsu zalla, akwai sababbin layuka huɗu har gindin raƙumin. Bayan kowane layi ƙasa ta fara taruwa, kuma ga ƴan itatuwan magarya a jere, kowanne an kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Mafi tsayinsu ya kai ƙirjina. Inna ta sa ƙafa ta tura wani dutsi na sabon layin. Bai motsa ba. Ta tura wani. Ta duƙa da ƙyar ta leƙa yadda aka kwantar da su.

"Wa ya koya maka?"

Hamisu ya ce, "Naki na riƙa kallo, Inna. In na rasa yadda zan yi, sai in hau in duba."

"Na huɗun ya karkace. Ruwa zai taru gefe guda."

"Na gani. Da rani zan tashe shi."

Ta miƙe, ta yafito jama'a da hannu. Da maigari da liman suka iso, ta tsaya a kan layi na biyar, ƙafa ɗaya sama ƙafa ɗaya ƙasa, ta ce su saurara da kyau, yau ba waya tsakani. Ta ce layuka biyar na sama, uku na Hadiyya biyu nata, suna nan a hannunta, bayan ranta kuma na jikokinta mata ne. Hamisu ya ci gaba da nomansu aro kamar da, da daminsa. Daga inda ƙafarta ta ƙasa take har zuwa raƙumi kuwa, ta ce, "Uwata dutsi aka ba ta, ta mai da shi gona, ya zama nata. Shi ma dutsi ya tarar. Hamisu, wanga na bar maka, ƙasa da itace. Ni Yelwa na ce."

Hamisu ya durƙusa ya rufe fuska da hannu biyu. Liman ya ɗaga hannu aka shafa fatiha. Tsohuwar nan mai ba'a ta matso kusa da ni ta ce, "To kin gani, rabi kika bayar. Badi ki ƙara ƙoƙari."

Da yamma mushe, wato malamin lakwal ɗin garin, ya rubuta maganar a takarda biyu, don a nuna wa masu takardar gonaki in sun hau. Ya sa ni na karanta da ƙarfi, in fassara kalma bayan kalma. Sau biyu Inna ta tsayar da ni ta ce in maimaita inda aka ce aro. Sannan ya buɗe ƴar kwalin tawada, ya kama babban yatsanta ya danna, ya dangwala ƙasan kowace takarda. Ta ɗaga yatsan ta dube shi, ya yi shuɗi har gefen farce.

Mun yi kwana tara a can bisa. Ba lokacin gajimaren safe ba ne, ban gan shi ba. Kullum da hantsi takan sa in raka ta gamanar, ta sa in bi iyakar da ƙafa ina faɗin abin da na taka, daga bakin hanya zuwa layi na biyar, har sai da na iya ba tare da ta gyara mini ba. Ran da za mu sauko ta hau jakin ba gardama.

A cikin kar, tsakanin Ƙonni da Dogon Dutsi, na ciro ruwa da sabulu daga jaka na ce ta kawo yatsan in goge mata sauran tawadar, don har lokacin akwai shuɗi cikin tsagar fatar. Ta janye hannun ta sa cikin mayafi. Ta ce alwala ta riga ta ci rabinsa, sauran a bar shi ya tafi da kansa, tana son babana ya gani. Can barci ya ɗauke ta, kanta ya kwanto kafaɗata, hannun ya zamo daga mayafin ya sauka kan cinyarta. Na bar shi yadda yake har muka shiga Yamai.